Me ya sa labarin Conan da sarauniyar 'yan fashin teku yake raba kan masu karatu?

"Assalamu alaikum Malam. Muna da wata 'yar ƙungiyar karatu, mu goma sha biyu, duk wata mukan zaɓi labari ɗaya mu karanta mu tattauna. Wannan karon wani a cikinmu ya kawo mana tsohon labarin nan na Conan, Queen of the Black Coast. Tun da muka fara haɗuwa ba mu taɓa musu irin na ranar ba. Wasu sun ce ba su taɓa karanta ƙarshen labari mai ratsa zuciya kamarsa ba, wasu sun ce soyayyar cikinsa shirme ce, wata kuma ta ce ita ba za ta yabi labarin da ya mai da baƙar fata kamar itacen hura wuta ba. Ni na rasa inda zan tsaya, don ya burge ni kuma ya ɓata mini rai. Shin da gaske ya cancanci sunan da ya yi? Kuma laifi ne don na ji daɗinsa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Abin da na fahimta a tambayarki shi ne kina son sanin yadda mutum goma sha biyu za su karanta shafuka iri ɗaya su tashi da hukunci daban-daban, kuma kina tsoron kada daɗin da kika ji ya zama cin amanar ɓacin ran da kika ji. Na daɗe ina koyar da adabi, kuma na sha ba ɗalibai wannan labarin idan muka zo kan labaran jarumta na ƙasashen waje. Musun da kuka yi, da wuya shekara ta wuce ba a yi shi a gabana ba. Ki kwantar da hankali, musu ne da ya girme ni ya girme ki.

Inda labarin ya fito

Wanda ya rubuta shi Robert E. Howard ne, mutumin jihar Texas ta Amurka, an haife shi a 1906. Mahaifinsa likitan ƙauye ne, suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har suka zauna a Cross Plains, wani ɗan ƙaramin gari da aka samu man fetur a yankinsa, ya cika da 'yan ci-rani da 'yan caca da masu neman faɗa. A nan Howard ya ga abin da kuɗin dare ɗaya yake yi wa mutane, kuma ra'ayin da ya bi kusan duk rubutunsa shi ne wayewar birni fenti ce, in an kankare sai a tarar da mugunta a ƙarƙashi. Da rubutu yake ci. Yana sayar da labarai ga mujallu masu arha da ake bugawa a kan takarda mara kyau, babbarsu a wurinsa ita ce Weird Tales ta birnin Chicago, wadda aka kafa a 1923. Kalma ake ƙirgawa a biya, wajen senti ɗaya kowace kalma, kuma sai labari ya fito ake ganin kuɗin, wani lokacin ma a yi ta jan bashi. Conan ya fara bayyana a fitowar Disamba 1932, labarin naku kuma a ta Mayu 1934, har shi aka zana a bangon mujallar. A Yunin 1936 Howard ya kashe kansa yana da shekara 30, ranar da aka shaida masa mahaifiyarsa ba za ta farfaɗo daga doguwar suman da ta yi ba. Ya bar kammalallun labaran Conan 21. Sunan da ake kiran irin wannan adabi da shi yanzu, wato takobi da tsafi, sai a 1961 wani marubuci mai suna Fritz Leiber ya raɗa shi.

Amfanin sanin wannan shi ne ki gane wanda aka rubuta wa labarin. Bature ne a Amurka, a zamanin da doka ta raba makarantar baƙi da ta farare a jihohin kudu, cikin matsin tattalin arzikin shekarun 1930, ya ciro senti 25 ya sayi mujalla don ya manta da damuwarsa na awa ɗaya. Howard bai taɓa taka Afirka ba, abin da ya sani a kanta a littattafai ya tsinta. Ni da ke baƙi ne a wannan zauren, ba don mu aka shimfiɗa tabarmar ba, shi ya sa kunnenmu yake ɗaukar abin da ya wuce 'yan gida.

Saboda masu karanta wannan amsa da ba su san labarin ba, ga shi a gurguje. Conan, mayaƙi daga ƙasar tsaunuka ta arewa, ya gudo daga kotu a ƙasar Argos bayan ya tsaga kan alƙalin da ya matsa masa ya faɗi inda abokinsa ya ɓuya. Ya faɗa jirgin wani ɗan kasuwa, Tito, mai niyyar zuwa gaɓar ƙasashen baƙaƙe. A hanya jirgin 'yan fashin teku mai suna Tigress ya tare su, aka kashe Tito da mutanensa kaf. Shugabar 'yan fashin, Belit, farar mace mai jagorantar baƙaƙen mayaƙa, ta ga yadda Conan yake faɗa shi kaɗai, ta tsai da mutanenta, ta ce shi take so. Suka yi zamani suna fashi tare. Daga baya suka shiga kogin Zarkheba mai ruwan guba don neman dukiyar wani tsohon birni da ya rushe. A can wani dodo mai siffar gwaggon biri da fukafukai ya fasa musu gangunan ruwan sha. Conan ya tafi neman ruwa da mutum 20, ƙamshin wani baƙin fure ya sa shi barci, da ya farka ya dawo ya tarar an kashe kowa, an rataye Belit a jikin sandar jirginta da sarƙar jajayen duwatsun da ta ɗauko a birnin. Ya tsaya shi kaɗai cikin dare ya yaƙi kurayen dodon, ginshiƙi ya faɗo ya danne masa ƙafafu, dodon ya taso masa, sai kurwar Belit ta gilma tsakaninsu. Da wannan ɗan jinkirin ya kuɓuta ya sare dodon. Da gari ya waye ya kai jirgin bakin teku, gawarta tana kwance a tsakiyar dukiyar fashinta, ya cinna wuta, ya tsaya yana kallo har ya ɓace.

Tun a mujallar da ta buga shi masu karatu ba su haɗu a kan Conan ba. Akwai shafin wasiƙu da ake kira The Eyrie, kuma a cikin 1934 ɗin wani yaro ɗan shekara 17, Robert Bloch, wanda daga baya ya zama sanannen marubucin labaran ban tsoro, ya aiko yana cewa ya gaji da wannan jarumin da kowane wata sai ya kashe wani boka, ya kara da wani dodo, ya samu sabuwar budurwa. Masoya Conan suka yi masa ca. Na kawo wannan don ki ga cewa masu kiran abin shirme suna da magabata, kuma ba jahilai ba ne.

Soyayyar da ta zo da gaggawa

Masu wannan ƙorafi a ƙungiyarku suna da gaskiya a kan abin da yake a shafi. Mace tana tsaye jinin mutanenta yana malala a ƙasan jirgi, ta dubi wanda ya kashe su, cikin layi kaɗan ta miƙa masa kanta da mulkinta, har da rawa a gabansa. Wanda ya saba da littafin soyayya mai babi 60, inda kallo ɗaya kan ci shafi biyar, dole ya ce wannan wasa ne. Amsata ga ɗalibai ita ce su duba irin labarin kafin su auna shi. Wannan ɗan gidan tatsuniya da waƙar jarumai ne, inda ake cewa sarauniya ta gan shi ta so shi, a wuce, domin abin da ake son nunawa yana gaba. Babi biyar ne kawai, ana karance shi a zama ɗaya, kuma mai biyan kalma ba zai biya kuɗin zance a zaure ba.

Abin lura shi ne duk zaman da suka yi tare a teku, Howard ya dunƙule shi a 'yan sakin layi kaɗan a farkon babi na biyu. Wannan giɓin ya dami masu karatu har suka yi ta cike shi da kansu. Kamfanin Marvel, da ya fara labarin zane na Conan a 1970, ya ɗauko Belit a fitowa ta 58 a 1976, Roy Thomas yana rubutawa, bai bari ta mutu ba sai a fitowa ta 100 a 1979. Poul Anderson ya rubuta littafi guda a 1980 a kan wannan zamanin na rayuwarsu. Wani kamfanin labarin zane, Dark Horse, ya sake shimfiɗa shi a fitowa 25 daga 2012. Mutane ba sa kashe shekaru suna faɗaɗa abin da bai kama su ba. Ni dai a wurina gajeren ya fi duk waɗannan ƙarfi, domin ɗan abin da aka ba mu na zamansu shi yake sa rashin ya yi zafi.

Mata a ajina sukan rabu a kan Belit kanta. Wasu sukan nuna cewa ita ce mai tsara kowane hari, Conan hannu ne kawai, inda ta ce a nufa nan ake nufa, kuma samun mace irin wannan a mujallar 1934 ba ƙaramin abu ba ne. Wasu kuma sukan ce a duba yadda aka tufatar da ita, ɗamara kaɗai a ƙugu, a duba yawan kalmomin da aka kashe a kan jikinta, an san idon wa ake yi wa hidima. Duka biyun suna nan a shafi, ban taɓa iya kore ɗaya ba.

Hirar dare a kan kogi

Idan kika tambaye ni abin da ya raya labarin nan shekara 90, zan kai ki wuri ɗaya. Jirgi yana tafiya a hankali cikin kogin guba, dare ya yi, su biyu suna zaune, Belit ta tambaye shi ko yana tsoron alloli. Conan ya ce nasa abin bautar, Crom, yana kan dutse, ba ruwansa da roƙon kowa, ƙarfin zuciya kawai yake hura wa mutum ranar haihuwa, kuma a wurin mutanensa bayan mutuwa babu komai sai wata ƙasa mai hazo da sanyi. Saboda haka shi ba ya leƙen abin da ke bayan kabari, a bar shi da nama da abin sha da mace da faɗa, ya wadatu. Belit ta ƙi yarda. Ta ce akwai rayuwa bayan mutuwa, kuma ko tana cikin matattu, in ta ga yana faɗan ceton ransa za ta dawo ta taimake shi.

Ɗalibai da yawa sukan tsuke fuska a wannan wurin, kuma na fahimce su, domin maganar Conan maganar wanda bai san Allah ba ce, ba ya fatan komai bayan ƙasa ta rufe ido. A ƙasashen Turawa kuwa wannan jawabin ne aka fi yawan ɗaukowa daga duk labaran Conan, ana yaɗa shi kamar wata hikima. Ina ganin duka ɓangarorin sun tsaya a tsakiyar hanya. Labarin ya ajiye maganganu biyu a gabanmu, sannan ya gwada su. Ta Belit ta tabbata, domin ta dawo. Ta Conan ta rushe, domin mutumin da ya ce ya wadatu da abin da hannunsa zai taɓa, a shafin ƙarshe yana tsaye a bakin gaɓa, dukiyar fashinsu tana ci da wuta a gabansa bai ɗauki ko ƙwaya ba, teku kuma ta zame masa kango tunda babu ita. Howard ya ba jaruminsa jawabi mai daɗin ji, sannan ya karya shi a gaban idonmu. Wannan aikin gwani ne.

Akwai shekarar da na karanta wa aji wurin dawowar Belit da babbar murya. Wani saurayi a layin baya, wanda tun farkon darasi yake cewa wannan ai fim ɗin yara ne, yana ta latsa waya. Da na zo inda Conan yake kwance dutse ya danne shi, takobinsa ya faɗi nesa da hannunsa yana miƙa yatsu bai kai ba, sai na ga ya kife wayar a kan tebur. Gilmawar Belit layi kaɗan ce, ta yi ƙara ɗaya, ta tunkuɗe dodon, ta ɓace. Ba ta tsaya sallama ba, ba su yi wata magana ba. Da na rufe littafin ajin ya yi tsit, sai shi wannan saurayin ya ce, "Malam, ashe da gaske take." Abin da masu yabon ƙarshen labarin a ƙungiyarku suka ji ke nan, alkawarin da aka yi a babi na biyu, mai karatu ya ɗauke shi zancen masoya ya manta, aka cika shi a babi na huɗu. Har masu fim ɗin Conan na 1982, wanda Arnold Schwarzenegger ya fito a ciki, wannan dawowar suka ara suka ba wata jaruma daban mai suna Valeria.

Mafarkin da Conan ya yi a ƙarƙashin baƙin furen, inda ya ga tarihin birnin, wasu sukan ce ya tsai da gudun labari. Ni ina son sa. A nan ake nuna cewa dodon shi ne na ƙarshe a wata al'umma mai fukafukai da ilimi da gine-gine, girgizar ƙasa ta gurɓata ruwan shansu, suka lalace sannu a hankali har suka koma cin junansu. Ra'ayin Howard ke nan a kan kowace daula, kuma shi ne ya yi shekaru yana musu a kansa a wasiƙu da abokinsa marubuci H. P. Lovecraft.

Maganar 'yar'uwar da ta ƙi yabo

Yanzu ga wurin da ya fi nauyi, kuma ina so ki isar mata cewa ba ta yi zafin kai ba, karatu ta yi da kyau. Abin da nake sa ɗalibai su yi shi ne su ɗauki biro su ƙirga matattu, sannan su ƙirga masu suna a cikinsu. Lokacin da aka shiga kogin, labarin ya ce mayaƙan Belit kusan 80 suka rage. A cikinsu mutum biyu ne muka san sunansu, tsohon boka N'Yaga da ƙaramin shugaba N'Gora. Ragowar ana ambatonsu ne a dunƙule da launin fatarsu, su tuƙa jirgi, su yi ihu, su mutu. Wani ƙaton maciji ya sure ɗaya daga kan jirgi, aka ci gaba da tafiya. Suna kallon Belit a matsayin abar bauta, kuma marubucin ba ya gajiya da tuna mana farin jikinta a tsakiyar baƙinsu.

Ki koma wurin dutsen tsafin nan a tsohon birni. Belit ta sa a ɗaga dutsen don a ciro dukiya, Conan yana cikin masu kamawa. Sai ta yi ƙara ta ce ga maciji a ciyawa, ya zo ya kashe, wani ya maye gurbinsa. Suna motsa dutsen hasumiya ta rufto ta niƙe mutum huɗu. Sannan ta gaya masa babu wani maciji, ta zargi akwai tarko ne ta janye shi. Ta san abin da zai iya faruwa, ta ceci ɗaya ta bar huɗu, aka kwashe duwatsun aka ci gaba da ɗibar lu'ulu'u. Wata ɗaliba ta taɓa tsai da ni a daidai nan, ta ce, "Malam, su waɗannan huɗun ba su da uwaye ne?" Na ajiye alli. Tun daga ranar na canza yadda nake koyar da labarin, da wannan wurin nake farawa.

Abin bai tsaya a jirgi ba. Kafin a haɗu da Belit, Tito da Conan sun wuce wani ƙauye a gaɓa yana hayaƙi, gawarwakin baƙaƙe a zube, aka ce aikinta ne. Tito da kansa ya faɗi kayan da yake kaiwa, duwatsun ado da siliki da sukari da takubba, ya karɓo hauren giwa da tagulla da lu'ulu'u da bayi. Duk ɗan Afirka ta Yamma ya san wannan lissafin, shi ne cinikin da aka yi ƙarnuka ana yi a gaɓarmu, an sauya masa suna kawai. Ita Belit ma ba ta tsira ba, domin ƙabilarta, Shem, an gina ta ne a kan mutanen Gabas ta Tsakiya na dā, kuma da ta ruɗe a kan dukiya sai marubucin ya ce halin jininsu ne. A ƙarshe mace ɗaya aka yi wa makoki da jirgi da wuta da dukiya, su 80 ɗin labarin bai ce an binne ko ɗaya ba.

Masu kare Howard sukan ce ɗan zamaninsa ne. Gaskiya ne, kuma yana bayyana inda abin ya samo asali, amma zamanin nasa yana da wasu 'ya'yan. A waɗannan shekarun marubuta baƙar fata W. E. B. Du Bois da Langston Hughes suna raye suna rubutu a Amurka, suna faɗin abin da irin wannan hoton yake yi wa mutane. Sukan kuma ce ai mutanen Tito farare ne, su ma sun mutu ba suna. Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi, domin a irin wannan adabi duk wanda ba jarumi ba ransa arha ne. Sai dai ba a taɓa bayyana mutanen Tito da kalmomin da ake bayyana dabba ba, kuma ba a ce suna bauta wa wani don hasken fatarsa ba. Adalci ya sa in ƙara cewa a dogon labarin da Howard ya rubuta daga baya, The Hour of the Dragon, Conan ya tarar da tsofaffin abokan fashinsa baƙaƙe an ɗaure su suna tuƙa jirgi, ya kira wasunsu da sunayensu, ya tsinke musu sarƙa. Ko a can ɗin ma shi ne mai ceto, su ne masu yi masa kirari.

Wani abu da nakan tuna wa ɗalibai, don kada mu tsaya a nuna yatsa kawai, shi ne mu ma muna da labaran jarumta, tun daga Gandoki na Bello Kagara, wanda shi ma ya fito a 1934, har zuwa littattafan yaƙi da ake rubutawa yau. A yawancin irin waɗannan akwai mutanen da jarumi yake karkashewa ɗari-ɗari, a kira su arna ko a kira su da wani suna na dunƙule, mu karanta muna murna domin ba mu ne a ƙarƙashin takobin ba. Wannan bai wanke Howard ba ko kaɗan. Abin da yake koya mana shi ne zafin da muka ji a labarinsa, wani yana iya jin sa a namu.

To, ya cancanci sunan?

A ganina ya cancanta. A cikin labaran Conan yana cikin 'yan kaɗan da jarumin ya yi asarar da takobi ba ta iya dawo masa da ita, kuma gininsa, daga alkawari zuwa cikawa, abin koyi ne ga duk mai son rubuta gajeren labari. Jin daɗinsa ba laifi ba ne. Abin da zan ji miki tsoro shi ne ki bar wani ya lallashe ki har ki daina ganin mutum huɗun nan a ƙarƙashin hasumiya, ko kuma ki ji kunyar cewa ƙarshen ya taɓa ki har ki ɓoye. Kin ce kin rasa inda za ki tsaya, ni kuwa ina ganin inda kike tsaye nan ne wurin da ya dace da wannan labarin.

Akwai wanda ya riga mu tsayawa a wurin. Charles R. Saunders, baƙar fata ɗan Amurka da aka haifa a 1946, wanda ya koma Kanada da zama ya yi aikin jarida, ya tashi yana son labaran Conan da makamantansu, yana kuma jin ciwon yadda suke nuna baƙaƙe. A tsakiyar shekarun 1970 ya rubuta maƙala yana sukar wariyar launin fata a wannan adabi, kuma ya ƙirƙiri nasa jarumin, Imaro, a wata duniya mai suna Nyumbani da ya gina a kan tarihi da al'adun Afirka. Littafin farko ya fito a 1981. Ya kuma ƙirƙiri jaruma mace, Dossouye, wadda ya samo daga tarihin mata mayaƙan Dahomey. Ya rasu a 2020. Ya ɗauki gudu da zafin rubutun Howard, ya ba mutanen da aka bari ba suna sunaye da garuruwa da iyaye. In za ku iya samun Imaro, ku sa shi a wata mai zuwa, musunku zai ɗauki wata hanya.

Ki sani dai abin da na faɗa miki a kan yadda ake karɓar labarin, mafi yawansa daga ajina na samo shi, ɗaliban jami'a masu karanta Turanci a matsayin harshe na biyu, kuma Turancin Howard tsoho ne mai kwalliya, wani lokacin wahalarsa takan shiga cikin hukuncin da mutum zai yanke. Na Turawa kuwa a rubuce na karanta, ban zauna da su a ɗaki ɗaya ba. Sannan ni namiji ne, abin da ke da sauran matan ƙungiyarku za ku gani a jikin Belit yana iya wuce nawa, kada ki ɗauki maganata a kanta a matsayin ta ƙarshe.

In za ku sake zama a kansa, ga yadda nake yi a aji. A karanta wurin dutsen tsafi da babbar murya, a bi shi nan take da wurin dawowar Belit, ba tare da sharhi a tsakani ba, domin mace ɗaya ce ta yi abubuwan biyu kuma son mutum ɗaya ne ya sa ta yi su. Sai a ba 'yar'uwar nan da ta ƙi yabo dama ta fara magana, kada a katse ta. Daga nan kowa ya ɗauki takarda ya rubuta shafi ɗaya da bakin N'Gora, daren da aka shiga kogin, yana zaune a gefen jirgi yana jin su biyun suna hirar alloli, ya faɗi sunan garinsu da wanda ya baro a can.